Janwe, Tirela da Mai Caji: Sunayen Ja a Hanyar Tambuwal

A Amurka akwai motar da aka ƙera ta don ta zama gida: gado a ciki, madafa, makewayi, tankin ruwa. Masu irinta, da yawansu dattawa ne da suka ajiye aiki, sukan shafe watanni suna yawon ƙasa a ciki. Da yake ƙatuwa ce, ba ta shiga lungu ko kasuwa, sai su ɗaura mata ƙaramar mota a baya da sandar ƙarfe, tana bi a kan tayoyinta huɗu ba kowa a ciki. In an sauka a masauki a kwance ƙaramar a shiga gari. Kwaɗo suke ce mata, don a harshensu sunan kwaɗo da kalmar abin da aka jawo furucinsu ɗaya ne. Wasu kuma sukan kira ta da sunan ɗan kwalekwalen da ake ɗaure wa babban jirgin ruwa.

Babu wannan mota a Tambuwal ko Kebbe, saboda haka ba mu raɗa mata suna ba. Amma ja, wannan kam mun san shi, kuma muna da kalmominsa birjik.

Babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato, ta ratsa Bodinga da Shagari, ta biyo Tambuwal ta nufi Aliero da Jega, ba ta rabuwa da motar da ta mace. Duk mai bin ta ya saba ganin ganye an jera a kan kwalta, alamar akwai matsala a gaba. In bakanike ya duba ya ce aikin sai an je gari, sai a nemo igiya mai kauri ko sarƙa, a ɗaura a ƙarfen gindin wata mota, a ƙulla tsumma a tsakiyar igiyar don kada mai babur ya ratsa. Yaron mota ya leƙa ya ce, "Maigida, a sa ta furi." Direban ta baya shi ke shan wuya. Injinsa a kashe yake, don haka burki ya yi tauri, sitiyari ya yi nauyi, idonsa kuma ba ya barin igiyar: in ta yi sako-sako sannan ta miƙe da ƙarfi, ko ta tsinke ko ta ɓalle bamba. Wannan shi ne "a ja ta", kuma da shi aka fi ceton mota a ƙasar nan.

In abin ya fi ƙarfin igiya, sai a ce a kira janwe. Kunnen Bahaushe yana jin ja a bakin kalmar, shi ya sa ta zauna daram, har akan ce da ƙaƙƙarfan mutum mai ɗaukar nauyin jama'a janwe ne. Janwe takan ɗaga gaban mota ta bar tayoyin baya a ƙasa, wato rabi ɗauka rabi ja.

Tirela kuwa labarinta daban. A Turanci sunan na abin da ake ja ne kaɗai, ɓangaren baya da ba shi da inji. Mu muka ɗora shi a kan motar gaba ɗayanta, sannan da bukatar rarrabewa ta taso muka ce da mai injin kai. Direba zai ce ya cire kai ya bar bodi a tasha, kowa ya gane. Wasu sunayen daga tambarin kamfani suka fito: daf daga DAF, kanta daga Mitsubishi Canter. Na ƙarshen ya faɗo daidai da sunan Muhammadu Kanta, Sarkin Kabi, alhali babu abin da ya haɗa su sai dacen furuci. Amalanke, wanda shanu ko jaki ke ja da taki da dawa a ƙauyukan Kebbe da Kuchi, daga Yarabanci muka aro shi.

Sunan da na fi so a duk jerin shi ne a-kori-kura. Kura ita ce keken katako ko ƙarfe da ƙarti ke turawa da kaya a kasuwa. Da ƙananan motocin ɗaukar kaya suka zo suka ƙwace musu ciniki, sai jama'a suka sa wa motar sunan abin da ta aikata. Tarihin wata sana'a da ta ja baya yana nan a cikin kalma guda, kuma ba kwamiti ne ya zauna ya ƙirƙiro ta ba. 'Yan tasha da 'yan dako ne.

Gida mai tafiya ma ba baƙonmu ba ne. Bafulatani mai ƙaura yana ɗora kayan bukkarsa a kan takarkari ko jaki ya kafa ta a mashekari. Fataken goro da suka riƙa bi ta Jega zuwa Gwanja suna da ayari da madugu da zango. Turawan Ingila ma, kalmar da suke kiran ayarin fatake da ita suka sa wa ɗakin kwana da mota ke ja. Bambancin shi ne namu neman abinci ne, nasu hutu.

Yanzu ga baƙuwa tana tafe, kuma sunanta bai gama zama ba. Gidajen rediyo suna cewa mota mai amfani da wutar lantarki. A bakin titi kuwa, musamman tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 mutane suka fara tambayar babura da kekuna marasa shan fetur, abin da ake ji shi ne mai caji. Ni ina tare da na bakin titi. A ƙauyen Kebbe, lantarki yana nufin wayar da ta zo daga nesa, wadda ko babu ita sam ko tana nan ba wuta. Caji kuwa kowa ya san shi, ya san shagon mai sola da ke jera wayoyi a kan tebur, ya san abu ne mai ƙarewa da sai an koma an cika. Sunan ya faɗa wa mai saye gaskiyar abin da zai saya.

Jihar Sakkwato tana da hannu a wannan labari. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, shi ya zana fasalin mota mai caji Chevrolet Volt da kamfanin General Motors ya nuna a 2007. Yana shugabantar hukumar ƙera motoci ta ƙasa aka buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo a watan Afrilu 2021. Sai dai daga can zuwa Tambuwal kimanin kilomita 100 ne. Kamfanin Winnebago, wanda ya yi suna wajen ƙera motocin kwana a Amurka, ya nuna samfurin mai caji a 2023 da ke cin kusan kilomita 174 kafin batir ya ƙare. Da ita za a zo Tambuwal, amma ba za a koma birni ba sai an sake caji. In kuma aka ɗaura wa mai caji kaya mai nauyi a baya, tafiyarta takan ragu da kusan rabi. Shi ya sa masu jan kwaɗo a Amurka har yanzu suna riƙe da man gas da fetur.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗaya ɓangaren, ranar da mai caji za ta mace tsakanin Dogon Daji da Tambuwal. Bakanikenmu ya riga ya san ba a jan otomatik tafiya mai nisa, don famfon man giya ba ya aiki sai inji na kunne, giyar sai ta ƙone. Ya san in za a ja babbar mota sai an kwance farfela. Mai caji ta fi su tsanani. A yawancinsu injin lantarkin a haɗe yake da tayoyi kai tsaye, ba kuloci a tsakani. Taya na juyawa, inji na juyawa yana haifar da wuta da zafi, ko da an kashe motar, kuma abin da zai lalace ya fi kuɗin janwe nesa ba kusa ba. Masu ƙera su suna rubutawa a littafin mota cewa a ɗora ta a kan wata motar, tayoyi huɗu duk a sama.

Kalmar wannan aiki muna da ita tuntuni: goyo. Mai babur yana goya fasinja, a-kori-kura tana goya babur ɗin da ya lalace. Ja daban, goyo daban, kuma direbobi da bakanikai na Tambuwal da Kebbe suna bukatar a sanar da su tun yanzu cewa mai caji goya ta ake yi. Hakan na nufin mota mai shimfiɗaɗɗen baya, da katakai ko ƙarfen hawa, da na'urar jawo ta sama a hankali, da ɗauri mai ƙarfi a kowace taya, don batir ya sa ta fi takwararta mai fetur nauyi. Babur da keke masu caji, waɗanda su za su riga mota isowa ƙauyukanmu, kanta ɗaya ta isa ta kai su wurin gyara.