Ra'ayin Jarida: Daga Zariya Zuwa Mararraba

Duk mai rubuta ra'ayin jarida da Hausa jikan Malam Abubakar Imam ne, ko ya sani ko bai sani ba. A watan Janairun 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya, Imam ne edita, Dokta Rupert East na sa ido. Jaridar Turawan mulki ce, ba dama edita ya fito gaba-gaɗi ya ce Razdan ko En'e sun yi ba daidai ba. Sai Imam ya bi ta karin magana da hannunka-mai-sanda, wanda aka yi dominsa ya ji a jikinsa, amma ba shi da abin kamawa. Kuma kunne yake rubuta wa: mutum ɗaya zai saya a kwabo, ya karanta wa 'yan zaure da ƙarfi. Jimlar da ta harɗe harshe ta mutu ke nan.

Da New Nigerian ta fito a Kaduna a 1966, ra'ayin jarida ya samu haƙora, amma da Turanci. Zamanin editocinta Adamu Ciroma da Mamman Daura a shafin farko ake buga shi, ga kuma filin Candido da ba a bayyana marubucinsa. A Kano, kamfanin Triumph ya fitar da Albishir da Alfijir, ta biyun da ajami.

Yau aikin ya karkata Abuja, inda Aminiya da Leadership Hausa ke fitowa. Da yawa daga cikinmu 'yan jarida kuɗin haya ya koro mu Mararraba, cikin Jihar Nasarawa. Sammako ake yi bayan asuba, kuma a cunkoson Nyanya, mutum na matse cikin bas, waya a hannu, ake tsara sakin layi na farko.

Abin da ke damuna shi ne, a wasu gidajen jarida kwamitin editoci da Turanci yake zama, ya yanke matsaya, a miƙa wa mai fassara dab da lokacin bugu. Hausar ta fito daidai, amma ba gishiri, ba kuma damuwar manomin gero ko ɗan acaɓa a ciki.

Editoci, ku ba teburin Hausa kujera a zaman kwamiti, ku bar shi ya rubuta nasa ra'ayin tun daga tushe.