Guguwar Rana da Wayoyin Ƙasar Ƙwanni

Ranar Alhamis 1 ga Satumba 1859, daidai da farkon watan Safar na 1276, wani masanin taurari mai suna Richard Carrington yana zana baƙaƙen tabon da ke fuskar rana a gidansa kusa da Landan, sai ya ga farin haske ya ɓarke a tsakiyarsu na ƴan mintoci. Ba a cika awa 18 ba, abin da rana ta fesar ya iso duniya. Wayoyin tangarahu na Turai da Amurka suka rikice, tartsatsi ya riƙa tashi daga na'urori. Tsakanin Boston da Portland har cire batura aka yi, aka ci gaba da aika saƙo kusan awa biyu da wutar da guguwar ta zuba a waya. Jan hasken da ba a saba gani ba sai a ƙurewar arewa, a daren nan an gan shi har Kuba.

A lokacin Sarkin Musulmi Aliyu Babba yana cikin shekararsa ta ƙarshe, manoman ƙasar Ƙwanni, inda Dogarawa take, suna jiran hatsi ya nuna. Guguwar ta ratsa ta kansu kamar ko'ina, amma ba ta tarar da abin kamawa ba, domin babu ko taƙi ɗaya na waya a ƙasar. Bahaushe ya san zazzaɓin rana da na wata, yana yi musu salla, yara na kaɗa gwangwani. Wannan kuwa ido ba ya ganinta, fata ba ta jin ta.

Duk bayan kimanin shekara 11 rana takan kai ganiyar tafasa, ta riƙa watso curin iska mai ɗauke da lantarki. Idan curin ya bugi maganaɗisun da ya lulluɓe duniya, sai ya girgiza shi, girgizar kuma ta haifar da wata baƙuwar wuta a cikin duk wani dogon ƙarfe da aka shimfiɗa. Tsawon waya shi ne abincinta. Saboda haka salula da firji da faifan sola na kan soro ba su ne a bakin haɗari ba. Manyan taransifomomin da ke ƙarshen dogayen layuka su ne ke ɗaukar zafi har su ƙone, kuma samun madadin ɗaya yakan ci watanni masu yawa.

Ranar 13 ga Maris 1989 lardin Kebek na Kanada ya auka cikin duhu a ƙasa da minti biyu, mutum miliyan 6 suka yi awa 9 babu wuta. An daɗe ana ɗaukar abin a matsayin ciwon ƙasashen ƙanƙara. Guguwar Oktoban 2003 ta rushe wannan zato, domin bayan wucewarta manyan taransifomomi sun lalace a Afirka ta Kudu. Masana sun kuma nuna cewa akwai wani kogin lantarki da ke gudana da rana a can sama, bisa tsakiyar maganaɗisun duniya, wanda ya ratsa Afirka ta Yamma kudu kaɗan da iyakar Nijar, kuma yana iya ƙara wa girgizar ƙarfi. Tsofaffin masu sauraron gajeren zango ma sun sha ɗanɗanar aikin rana ba su sani ba, duk sa'ad da tasha ta ɓace da tsakar rana babu dalili.

Ƙasar da ba ta da waya a 1859 yanzu a ɗaure take da ita. Wutar Nigelec ta wannan yanki tana biyo dogon layi daga Katsina ta Maraɗi zuwa Malbaza, garin siminti, inda aka buɗe tashar sola mai megawat 7 a 2018. Asibiti da famfon ruwa da injin niƙa, da cajin wayar da dillalin albasar Galmi ke jin farashin Abijan da ita, duk suna rataye a wannan igiya. Abin da yankewarta ke nufi kuwa ba sai an kwatanta wa kowa ba: a Agustan 2023, bayan juyin mulki, Nijeriya ta tsinke wutar da take sayar wa Nijar, ba ta maido ba sai Maris 2024. Waccan yankewa hannun mutum ne ya yi ta, da aka sasanta sai aka kunna. Taransifomar da ta ƙone ba ta jin sulhu.

Wata biyu bayan dawowar wutar, a Mayun 2024, guguwa mafi ƙarfi tun 2003 ta iso, ta ruɗa na'urorin GPS na motocin noma a Amurka ana tsakar shuka. Wata da ake kwatanta girmanta da ta Carrington ta riga ta tashi a Yulin 2012, ta ratsa hanyar da duniya ke bi, ta tarar duniya ba ta wurin.