Jinya a Ƙasar Gwandu: Daga Kiran Ungozoma Zuwa Jiran Gurbi

Duk wanda ya san tarihin Gwandu ya san cewa da ilmi garin ya yi suna tun kafin a san shi da sarauta, domin a nan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna da jama'arsa a farkon shekarun jihadi kafin ya tashi zuwa Sifawa, a nan kuma ƙanensa Malam Abdullahi, wanda aka danƙa wa yammacin daula, ya kafa mazauninsa har Allah Ya karɓi ransa. Malaman wancan zamani, duk da yaƙe-yaƙe da ɗawainiyar mulki da suka sha kansu, ba su ɗauki lafiyar jiki a matsayin abin da ke wajen addini ba. Malam Abdullahi ya wallafa littafin Masalihul Insani a kan abin da ke gyara addinin mutum da jikinsa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta littattafai da dama a kan ɗibbu, har da wanda ya keɓe ga ciwon basur. Nana Asma'u kuma ta yi nata talifin a kan magani daga hadisai. Sun gaji wannan ne daga magabata irin su Imam Gazali, wanda ya lissafa ilmin likita cikin farillan kifaya, wato wajibin da idan wasu suka ɗauke shi ya faɗi a kan saura, idan kuwa aka rasa mai ɗauka gari duka ya shiga laifi. Kafin su duka akwai Rufaida Al'aslamiyya, wadda ta kafa hemarta a Madina tana jinyar waɗanda aka raunata, aka kai mata Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Handaƙ.

Amma littafi yana hannun malamai ne, jinya kuwa ta yau da kullum tana hannun wasu mutane da ba su bar mana rubutu ba. Akwai wanzami, mai ƙaho da kaciya da cire beli, wanda har sarautar Sarkin Aska sana'arsa take da ita. Akwai maɗori, wanda ake ɗauko masa mai karaya daga nesa. Akwai kuma ungozoma, wadda ita ce ta fi kusa da abin da muke kira ma'aikaciyar jinya a yau. Ita ke yanke cibi, ta binne mabiyiya, ta gasa wa jariri cibiya, ta tsaya a kan wankan jego da kunun kanwa har a yi suna. Ba ta da takardar shaida, ba ta da albashi, abin da take samu shi ne hatsi da sabulu da ɗan kuɗi da rabonta na naman suna. Sai dai akwai abu guda da ba ta taɓa yi ba tun da aka san sana'arta, shi ne neman aiki. A hannun uwarta ko kakarta ko wata dattijuwar unguwa ta koya, tana riƙe mata fitila tana ɗebo mata ruwan zafi shekara da shekaru, ranar da tsohuwar ta gaza kuwa, babu wanda zai yi shawara da kowa, yaron da aka aiko cikin dare ƙofar magajiyarta zai buga. Koyo da aiki da lada duk a zaure ɗaya suke, buƙatar unguwa ita ce ke naɗa mai biya mata ita.

Ba na faɗin wannan don in ƙawata zamanin da ya wuce. Mata da yawa sun mutu a kan gwiwa saboda naƙudar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, jarirai sun mutu da ciwon da ke shiga ta cibiya, yankan gishiri kuma ya bar wasu da yoyon fitsari, larurar da har yau ake da asibiti na musamman dominta a Gesse cikin Birnin Kebbi. Ilmin ungozoma yana da iyaka, iyakar kuma rayuka ta ci.

Turawa suka ci ƙasar Sakkwato da Gwandu a 1903, bayan tashin Satiru na 1906 kuma mazaunin Sarkin Gwandu ya tabbata a Birnin Kebbi, garin Gwandu ya zauna da hubbarensa da malamansa. Likitocin farko na Turawa sojojinsu da ma'aikatansu suka zo dubawa, sai daga baya aka fara buɗe ƙananan ɗakunan shan magani na En'e, waɗanda ake biya daga baitulmalin sarki, ana sa musu malamin asibiti guda mai wanke gyambo da raba ƙwayoyi. 'Yan mishan kuma suka kama aikin kuturta a wurare irin su Amanawa kusa da Sakkwato. A wancan zamani wahalar hukuma biyu ce: samun mara lafiyar da zai yarda ya zo, da samun ɗan ƙasa da zai yarda ya koyi aikin. Mutane suna ƙyamar taɓa jini da ƙazantar wanda ba nasu ba, iyaye kuma ba su ga dalilin da zai sa budurwa ta kwana a ɗakin marasa lafiya tana duba mazan da ba muharramanta ba. Saboda haka mafi yawan ma'aikatan jinya na farko a asibitocin Arewa maza ne, ko mutanen Kudu, ko waɗanda suka taso a hannun mishan. Makarantun 'yan mata na En'e sai a shekarun 1930 aka fara su, makarantar horar da mata ta Sakkwato kuma a 1939, ɗaliban farko ma da yawansu 'ya'yan sarakuna ne da na bayin sarki, waɗanda aka bayar don a nuna wa talakawa babu cutarwa. Sarakuna irin su Sarkin Gwandu Yahaya, wanda ya yi mulki daga 1938 zuwa 1954, wanda kuma babban asibitin Birnin Kebbi yake ɗauke da sunansa, sun yi ta fama da jama'arsu a kan boko da asibiti.

A 1947 aka kafa majalisar da ke yi wa ma'aikatan jinya rajista a Nijeriya, wadda aka haɗe da hukumar ungozomomi a 1979. Da gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna ta ɗauki manufar cike guraben aiki da 'yan Arewa, sai ya zama duk ɗan Arewar da ya gama makarantar jinya aiki ne ke jiransa tun bai karɓi sakamako ba. Ɗalibi yana karatu ana ba shi alawus, ana ɗinka masa kayan aiki, ana sa shi ya sa hannu a yarjejeniyar cewa zai yi wa gwamnati aiki na wasu shekaru, tsoron hukuma ke nan kada ya gudu. Dattawan da suka yi wancan zamani suna nan da ransu a Birnin Kebbi da Jega da Argungu, idan jikokinsu suka ce musu sun gama karatun nas sun shekara biyu a gida, da wuya su fahimci abin da ake nufi.

Al'amarin ya juya ne sannu a hankali. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawar da En'e. Kuɗin man fetur ya faɗi a farkon shekarun 1980. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya sa gwamnatoci suka riƙa dakatar da ɗaukar ma'aikata. Kiwon lafiya matakin farko kuma, wanda aka ƙarfafa a zamanin ministan lafiya Olikoye Ransome-Kuti, aka ɗora shi a kan ƙananan hukumomi, alhali su ne mafi raunin aljihu cikin matakan mulki uku. Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991 gine-gine sun ƙaru ƙwarai. Kalgo, wadda a da ƙaramin gari ce a kan hanya, yau tana da babban asibitin jiha wanda aka keɓe masu korona a cikinsa a 2020, a nan kuma jami'ar tarayya da aka kafa a 2013 ta fara zama. Makarantun jinya da na fasahar lafiya sun yawaita a Arewa, na gwamnati da na kuɗi, iyayen da kakanninsu suka ɓoye 'ya'ya mata su ne yau ke sayar da shinkafar fadama da awaki don su biya wa 'yarsu kuɗin makarantar nas. Wannan nasara ce babba, an yi kusan shekara ɗari ana nemanta. Abin da bai ƙaru daidai da ita ba shi ne gurbin aiki, domin gurbi yanzu layi ne a cikin kasafin kuɗi, wanda ba ya buɗuwa sai wani ya yi ritaya ko ya rasu, sa'an nan a nemi izinin maye shi daga ofis zuwa ofis, wani lokaci izinin ya fito, wani lokaci a bar gurbin ya mutu.

Mai karatu ya dubi halin yarinyar da ta fito daga wani ƙauye na Gwandu ko Kalgo, ta yi shekara uku a makarantar jinya, ta ci jarrabawar majalisa, ta karɓi lasisi. Idan jami'a ta yi, shekara biyar ce, kuma dole ta sami asibitin da zai karɓe ta aikin gwaji na shekara guda kafin hidimar ƙasa, guraben gwajin kuwa ba su kai yawan masu nema ba, tun daga nan jira ke farawa. Ta kai takardunta ma'aikatar lafiya a ce ba a ɗauka yanzu. Ta kai asibitin tarayya a ce sai izini ya zo daga Abuja. Ta kai asibitin kuɗi a tambaye ta shekara nawa ta yi tana aiki, alhali kowa ya san ba a samun ƙwarewa sai a bakin gadon mara lafiya, gadon kuma shi ne aka hana ta. Idan aka ji an buɗe ɗaukar aiki, sau da yawa kafin labari ya iso ƙauye an rufe, mai uwa a gindin murhu ya riga ya karɓi takardarsa. Zancen sayar da guraben aikin gwamnati ma ya wuce raɗe-raɗin zaure, tunda majalisar wakilai ta kafa kwamitin bincike a kansa a 2023. Daga nan sai ta zaɓi ɗaya cikin abubuwa kaɗan: ko ta shiga aikin sa-kai a asibitin gwamnati, tana kwana tana karɓar haihuwa tana ɗaura ruwa kamar kowace ma'aikaciya, da fatan ranar da za a ɗauka a tuna da ita, ko ta karɓi abin da asibitin kuɗi ya ba ta komai ƙanƙantarsa, ko ta zauna a kemis ɗin wani, ko ta yi aure ta ajiye takardar a akwati. Namiji kuma, wanda ake jiran ya ɗauki nauyin gida, ya fi saurin barin sana'ar ya koma kasuwa.

Abin da ya sa wannan ya fi ciwo shi ne, ana yin sa ne a jihar da binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa matan da ƙwararren ma'aikaci ya karɓi haihuwarsu ba su kai ɗaya cikin goma ba. Wato ungozomar gargajiya har yau tana riƙe da ɗakunan haihuwa masu yawa, wadda aka horar don ta cike abin da ta gaza kuma tana zaune a gida ɗaya da ita babu aiki. Gwamnatin tarayya ta taɓa gwada haɗa waɗannan biyu a 2009, da shirin da ya tura sababbin ungozomomi da marasa aiki da masu ritaya zuwa asibitocin karkara, bisa sharaɗin tarayya da jiha da ƙaramar hukuma kowa ya biya kasonsa na alawus da masauki. Mata sun je, haihuwa a asibiti ta ƙaru a wurare da dama, amma da kason jihohi da ƙananan hukumomi ya riƙa makara ko ya ƙi zuwa, sai ma'aikatan suka riƙa janyewa. Ba ƙin ƙauye ne ya kore su ba. Mace ba ta iya zama inda babu ɗakin kwana mai ƙofa, babu ruwa, babu tabbacin abin da za ta ci a ƙarshen wata.

A ɗaya gefen kuma ƙwararrun da ya kamata sababbi su koya a hannunsu suna ficewa zuwa Ingila da Amurka da Saudiyya. A watan Fabrairun 2024 magatakardan majalisar ma'aikatan jinya ya ce kimanin 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, majalisar kuma ta fitar da ƙa'idar cewa sai mutum ya yi aikin shekara biyu bayan samun lasisi kafin a tantance masa takardunsa don fita waje, abin da ya sa ma'aikatan jinya suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas. Niyyar tsare ma'aikata a gida niyya ce mai kyau, amma wanda ya sharɗanta wa mutum aikin shekara biyu, haƙƙi ne a kansa ya nuna masa inda zai yi aikin.

Malaman fiƙihunmu, waɗanda Gwandu ta yi suna da su, sun sharɗanta a babin ijara cewa ladan aiki ya zama sananne tun kafin a fara, hadisi kuma ya yi umarni da a biya ma'aikaci kafin guminsa ya bushe. A ganina aikin sa-kai da ake yi shekara da shekaru a kan alkawarin da babu ranar cikarsa ya fita daga sadaka, domin mai yin sa ba don ya yafe ladan ya zo ba, ya kuma kasa zama ijara, domin babu ujurar da aka ambata. Asibiti yana tafiya da ƙarfinsa, kasafin kuɗi bai san da shi ba, kuma muddin ana samun masu yi kyauta babu abin da zai tilasta a buɗe gurbin. Wanda ya zauna a gida kuma hannunsa yana mutuwa, domin neman jijiyar jariri da gane alamar jijjiga ko zubar jini tun kafin su yi ƙarfi abubuwa ne da ke gushewa idan an daɗe ba a yi ba. Lasisin da ya sha wahala ya samu shi ma yana da wa'adi: idan ya cika dole ya halarci kwas na ƙarin ilmi, ya biya kuɗin sabuntawa daga aljihun iyayen da suka riga suka biya kuɗin makaranta, ko da bai taɓa karɓar albashin wata ɗaya da wannan lasisin ba.