Asalin Kalmar Teku

Mutumin Boɗinga ko Shagari ya san gulbi, ya san tabki da fadama, amma teku sai ya yi doguwar tafiya. Ita kanta kalmar baƙuwa ce. Masana harshe suna danganta ta da Yarbanci, "eti okun", wato gefen babban ruwa. Da alama fataken da ke sauka Ikko ne suka ɗauko ta, suka raɗa wa ruwan sunan gaɓarsa. Don haka wanda ya taka rairayin Badagiri, in ya ce ya je bakin teku, baki biyu ya ambata. Malamanmu kuwa da "bahar" ta Larabci suka saba, kamar Bahar Maliya da alhazai ke gani a Jidda. A bakin jama'a dai teku ta fi yawo.