Bishop Kukah da Nauyin Suna a Sakkwato

'Yan uwa marubuta, tambayarmu ta wannan mako ita ce: me malamin Kirista yake yi da girman da duniya ta ba shi? Linjila ta yi gargaɗi cewa mai aikin alheri don a yaba masa ya riga ya karɓi ladansa tun a duniya.

A 1964 Sakkwato ta samu bishop ɗin Katolika na farko, Edward Lawton, ɗan ɗarikar Dominikan daga Amurka. 'Yan wannan ɗarika kan ɗauki alkawarin zaman talauci.

A 2011 kujerar ta koma hannun Matthew Hassan Kukah, wanda sunansa ya riga shi isowa. Yana da digirin dakta daga Jami'ar Landan, kuma ya kasance mamba a Kwamitin Oputa da Obasanjo ya kafa a 1999 don binciken take haƙƙin ɗan Adam.

Da wannan suna ya yi aiki a kwamitin Janar Abdulsalami Abubakar, wanda ya sa Jonathan da Buhari suka jaddada alkawarin zaɓe cikin lumana a 2015. Da shi kuma ya soki gwamnatin Buhari a saƙon Kirsimeti na 2020, har wata ƙungiya a Sakkwato ta nemi ya ba da haƙuri ko ya bar jihar. Bai tafi ba.

In za ku rubuta tarihin mutum irin wannan, jera takardun yabonsa bai isa ba. Ku binciko inda ya yi amfani da sunan, da abin da hakan ya jawo masa.