Tsarin Garin Kaduna da Shawarar Mazaunansa

Garin Kaduna ya sha bamban da tsofaffin biranen ƙasar Hausa, kamar su Kano da Katsina da Zariya. Waɗancan sun girma ne sannu a hankali a cikin ganuwa, mai neman filin gini ya je wurin mai unguwa, mai unguwa kuwa ba ya yanka fili sai da sanin maƙwabta. Amma Kaduna a takarda aka fara zana ta kafin a gina ta. Gwamna Lugga ne ya zaɓi wurin, saboda ruwan kogi da hanyar jirgin ƙasa, aka taso da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa can cikin shekarar 1917.

A wannan tsari na farko ba a nemi shawarar kowa ba. Gbagyi, waɗanda aka tarar suna noma a wurin, ba a tambaye su ba; haka kuma akawuna da leburori da 'yan kasuwa da suka biyo gwamnati. Ƙa'idar Turawan mulki a lokacin ita ce a raba unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, a bar fili mai faɗin yadi 440 a tsakani ba gini, wai don tsoron sauro da gobara. Aka ba masu mulki manyan filaye da inuwa, sauran jama'a kuwa suka cunkushe a Sabon Gari da Tudun Wada.

Bayan an buɗe masaƙar Kakuri cikin 1957, mutane suka yi ta kwararowa neman aiki, unguwanni suka yi ta tsirowa ba tare da hanya ko magudanar ruwa ba. Ganin haka, cikin 1965 Gwamnatin Jihar Arewa, a zamanin Sardauna, ta ɗanka wa wani Bature masanin tsarin gari, Max Lock, aikin shata wa Kaduna tsari na shekara hamsin.

Shi Max Lock yana bin koyarwar wani masani ɗan Sikotland, Patrick Geddes, wanda ya nace a kan cewa sai an binciki gari an san cutarsa kafin a rubuta masa magani. Tun a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu ya gwada wannan hanya a garin Middlesbrough na Ingila, inda shi da ma'aikatansa suka zauna cikin garin, suka binciki zaman jama'a unguwa unguwa, suka kuma baje taswirorinsu a fili don kowa ya gani ya yi magana. Da irin wannan niyya ya zo Kaduna. Aka shiga unguwanni aka tambayi magidanta halin zamansu: yawan mutanen gida, da sana'a, da inda suka fito. Sakamakon aikin ya fito cikin 1967 a wani babban littafi mai suna Kaduna 1917, 1967, 2017, watau shekara hamsin da suka wuce da hamsin masu zuwa.

To, sai dai kafin littafin ya fito, abubuwa sun sake. An kashe Sardauna a cikin Kaduna ran 15 ga Janairu 1966. Ran 27 ga Mayu 1967 Gowon ya kasa Jihar Arewa gida shida, Kaduna ta koma hedkwatar Jihar Arewa ta Tsakiya kaɗai, yaƙin basasa kuma ya biyo baya. Gwamnatin da ta ba da aikin ta shuɗe, tsarin ya zama maraya.

A nan ne babban darasin yake. Tambaya daban, shawara daban. An tambayi mutanen Kaduna, sun kuwa amsa, amma abin da aka yi da amsarsu yana cikin littafi na Turanci, wanda mai unguwa da mai shago da ma'aikacin masaƙa ba su da hanyar karantawa. Abin da mutum bai san da shi ba, ba zai tashi ya kare shi ba. Saboda haka, sa'ad da gari ya yi ta faɗaɗa wajen Rigasa da kudancin kogi, aka yi ta yanka filaye ba bisa tsari ba, babu wata murya daga unguwanni da ta ce an saɓa alkawari.

Dokokin da suka biyo baya ba su warware matsalar ba. Dokar ƙasa ta 1978 ta tattara ikon filayen birane a hannun gwamna. Dokar tsarin birane ta 1992 ta tanadi a baje daftarin tsari a karɓi ƙorafin jama'a, amma sanarwa a jikin allon ofis ba ta isa kunnen mai tallar koko. Bayan rikicin 2000 da na 2002, mutane da yawa suka ƙaura suka bar gidajensu, galibin Musulmi suka tattaru a arewacin kogi, galibin Kirista a kudu. Tsoro ya sake zana taswirar gari, ba tare da safiyo ba. Da aka sabunta tsarin cikin 2010, wani gari aka tarar dabam da wanda aka hanga a 1967.

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa. Ma'aikacin da aka ba aikin tsara gari bai gama aikinsa da cika takardun tambaya ba. Wajibi ne ya koma wurin waɗanda ya tambaya, a masallaci da coci da kasuwa da ƙofar gidan mai unguwa, ya shimfiɗa musu taswira da harshen da suke ji, ya faɗa musu abin da aka ɗauka daga maganarsu da abin da aka bari, da dalili. Gwamnatoci suna zuwa suna wucewa. Mazauna gari su ne ke nan bayan shekara hamsin.