Harshen karatu a kwarin Komadugu: daga tsangaya zuwa lakkol

Karatu ba baƙo ba ne a kwarin Komadugu. Tun ƙarni na 15, da Mai Ali Gaji ya kafa Birnin Gazargamu kusa da wannan kogi, Barno ta shahara da karatun Alƙur'ani. Malamanta sukan rubuta bayanin ayoyi da tsohon harshen Kanembu tsakanin layukan Larabci. Wato tun da can sun gane da harshen ƙasa ake buɗe wa ɗalibi ma'ana.

Lakkol ta zamanin mulkin mallaka ba ta bi wannan hanya ba: Faransanci kaɗai ta yarda da shi, haka kuma aka ci gaba bayan 1960. Yaron garin Difa yana jin Barbarci a gida, Hausa a kasuwa, amma baƙaƙen farko sai su zo masa cikin harshen da iyayensa ba sa ji, balle su taimake shi.

Gyara ya faro da taron Bamako na 1966, wanda ya tsara rubutun Hausa da Barbarci. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, daga baya gwajin ya haɗa da Barbarci. Dokar ilimi ta 1998 ta tabbatar da koyarwa cikin harsunan ƙasa.

Hare-haren Bosso da Difa a 2015 sun rufe makarantun bakin kogi da dama, iyalai suka kwararo gari. Wajibi ne masu tsara yaƙi da jahilci su fara binciken harshen da kowane gida yake ji, kafin su buga littafi.